Filin da Ba Mai Ikon Sayarwa: Lamarin Showgrounds na Sligo a Idon Ɗan Yamai

Da safiyar wata Asabar cikin hunturu yaranmu suka iso tere, filin da muke wasa, da balo biyu da bidon ruwa, suka tarar an dasa borni. Turaku ne na siminti, gajeru, ba su kai gwiwa ba, an ɗiga wa kowanne jan fenti a ka. An jera su tun daga ragar gabas har tsakiyar fili, ɗaya kuma ta faɗo daidai inda muke ajiye balo in za a buga fenariti. Wani yaro ya sa ƙafa ya taɓa ta, ta motsa, don simintin bai gama kamawa ba. Kocinmu, dattijon da ya koya wa rabin samarin unguwar balo har da ni, ya daka masa tsawa, ya ce kada wanda ya sake taɓawa. Ya san abin da ke biyo bayan tuge borni.

Mun fi shekara goma muna wasa a wurin. Mu muka share ƙarangiya, muka kwashe bolar da ake zubarwa a kusurwar yamma, muka yi karo-karo dala ashirin-ashirin har mai walda ya haɗa mana ƙarafan raga. In lokacin gasar babban hutu ya zo, masu tuyar ƙosai da yara masu ruwan leda sukan cika bakin layi, har mai shayi ya kawo teburinsa. Ranar Litinin muka ɗunguma zuwa ofishin da abin ya shafa. Mutumin da ya karɓe mu bai yi mana rashin mutunci ba, har kujera ya ba tsoho. Tambaya ɗaya ya yi.

"Baba, ina takardarku?"

"Ranka ya daɗe, kaf unguwar nan ta san filin yara ne."

"Na yarda, Baba. Amma sanin unguwa ba ya shiga dosiye."

Kafin damina ta faɗi an ja katanga. Yau gidaje ne a wurin, ɗaya har da bene.

A fadarmu akwai wani tela mai goyon bayan Everton, abin da ke da wuyar samu a garin da kowa ko Barsa yake ko Riyal. Shi ya fara kawo mini sunan Sligo, shi ma ba don fili ba. Yana fariya ne da kyaftin ɗinsu Seamus Coleman, wanda Everton ta saya a watan Janairun 2009 kan fam 60,000 kacal daga wani ɗan kulob na Ailan, ya zauna sama da shekara 15, har ya zama ɗan wasan da ya fi kowa buga wa Everton wasannin Firimiya. Na bi sawun ɗan kulob ɗin don in samu abin yi wa tela tsiya. Abin da na tarar ya mantar da ni tsiyar. Kulob ne da yake wasa a fili ɗaya tun 1928, a filin baje kolin dabbobi na garin, kuma ba wani mahaluƙi, ko shugaban kulob, ko magajin gari, ko banki, da yake da ikon sayar da filin.

Garin da filinsa

Sligo gari ne a arewa maso yammacin tsibirin Ailan, a bakin teku, mutanensa wajen 20,000 ne. In a nan ne, ba zai kai wasu unguwannin Yamai ba. Ƙasa ce ta ruwan sama da ciyawa da kiwo. Garuruwa irinsa sukan keɓe fili a gefen gari inda manoma da makiyaya ke taruwa sau ɗaya a shekara, a kawo shanu da tumaki da dawakai, alƙalai su zagaya su duba, a ba wanda ya fi iya kiwo kyauta. Wanda ya taɓa leƙa baje kolin noma da kiwo na SAHEL a Fadar 29 ga Yuli, ya ga yadda ake jera bijiman Azawak da ragunan balami, ya san irin taron. Irin wannan wuri shi ake kira Showgrounds, ma'anarsa filin baje koli, kuma sunan da filin Sligo yake amsawa ke nan har yau, ko da yake balo ya daɗe da mamaye shi.

A 1928 ƙananan ƙungiyoyi biyu na garin, Sligo Town da Sligo Blues, suka haɗe suka zama Sligo Rovers, masu jar riga. Sabon kulob yana buƙatar wuri shimfiɗaɗɗe, mai shinge, mai ƙofar da za a tsaya a karɓi kuɗin shiga. Filin baje koli yana da duka ukun. Ga shi kuma lokutan ba sa karo: baje koli na bazararsu ne, kwana ɗaya ko biyu, balo kuwa a wancan zamani da sanyi ake buga shi. Shi ya sa ba Sligo kaɗai ba, a arewacin tsibirin ma kulob ɗin Coleraine da na Ballymena da na Newry duk a filayen da ake kira Showgrounds suke wasa.

Akwai dalili na biyu, mai nauyi, wanda sai an san siyasar ƙasar ake gane shi. Ailan tana da nata wasannin na gargajiya, ciki har da wata ƙwallo da ake bugawa da hannu da ƙafa, ƙarƙashin ƙungiyar GAA da aka kafa a 1884. Matsayinsu a can ya yi kama da na kokowa a nan, wadda tun gasar takobi ta farko a Tawa a 1975 ta zama abin alfaharin ƙasa, har kowane babban birnin jiha ya samu filin kokowarsa. Bambancin shi ne GAA ta ɗauki balo a matsayin wasan Turawan Ingila masu mulkin mallaka, wasan barikin soja. Filayenta haramun ne ga balo. Ɗan ƙungiyar da aka kama yana bugawa, ko ma yana kallo, dakatar da shi ake yi, kuma wannan doka ba ta faɗi ba sai 1971. Ba wanda ta ƙyale. A ƙarshen 1938 shugaban ƙasar kansa, Douglas Hyde, ya je kallon wasan Ailan da Folan a Dablin, GAA ta cire shi daga jerin iyayen ƙungiya. To wanda aka yi wa shugaban ƙasa haka saboda kallo, ina zai ba 'yan balo aron fili? Dole suka nemi inda ba a tambayar irin ƙwallon da kake bugawa.

Shekara 40 a kan ƙasar wani

Filin ba na kulob ba ne. Ƙasar mallakar wani gidan masu filaye ce da ake kira Fowler, kuma haka aka zauna daga 1928 har 1968. Cikin wannan zama kulob ya shiga babbar gasar ƙasa a 1934, ya ɗauki kofinta a 1937.

Abin da tsofaffin garin suka fi riƙewa na wannan zamani shi ne zuwan Dixie Dean. Matasanmu da suka ga Haaland ya ci 36 a kakar 2022 zuwa 2023 suka ce ba a taɓa yi ba, su sani Dean ya ci wa Everton 60 a gasar Ingila a kakar 1927 zuwa 1928, kuma har yanzu ba wanda ya kamo shi. A watan Janairun 1939, yana da shekara 32, ƙafa ta fara nauyi, ya amsa kiran Sligo. Garin ya fito ƙwansa da kwarkwata tashar jirgin ƙasa tarbarsa. Ya ci ƙwallo 10 a wasa 7 na gasa, biyar daga ciki a rana ɗaya, ranar da suka lallasa Waterford 7 da 1. Ya kai su wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, aka yi 1 da 1 da Shelbourne, aka sake bugawa suka sha kashi 1 da 0. Lambar da aka ba shi ta na biyu wani ya ɗauke a otal, sai bayan shekaru aka maido masa cikin ƙunshi, ba sunan mai aikowa. Ko a can ma akwai ɓarawon da zuciyarsa ke damu.

Shekara guda bayan haka, yaƙin duniya na biyu ya tsananta, kulob ya fice daga gasa a 1940, bai dawo ba sai 1948. A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Shekara takwas ba babban wasa, fili na wani. Da mai ƙasa ya ga dama a lokacin ya yanka wurin ya sayar, ba wanda zai ce ya yi zalunci, hakkinsa ne. Abin da ya tsare filin a waɗannan shekaru shi ne garin bai faɗaɗa ya iso shi da yunwa ba, ƙasa ba ta yi tsada ba. Irin tsaron da terenmu ya samu ke nan shekara goma. Muna ganin mutuncinmu ne ya hana a taɓa shi, ashe farashi ne bai kai ba.

Takardar 1968

A 1968 aka sayi ƙasar daga gidan Fowler, wajen hekta 5. Sayen ba shi ne abin mamaki ba, kulob da yawa sun sayi filayensu. Yadda aka rubuta takardar shi ne lamarin.

Ba a sa sunan kulob a matsayin mai fili ba, balle sunan shugabansa ko wani attajiri da ya fi kowa ba da kuɗi. An damƙa shi ne ga wasu amintattu, su riƙe a madadin mutanen Sligo. Aka kuma gindaya sharaɗi: ba a sayar da shi, ba a jinginar da shi, ba a juya shi zuwa wata harkar kasuwanci in ba wasanni da shaƙatawa ba.

Duk wanda ya zauna a komitin ƙungiya, ko ta balo ko ta masallaci ko ta 'yan kasuwa, ya san inda ɓarna take shigowa. Da wuya ka ga maƙiyi ya zo daga waje ya ƙwace kadara. Galibi na ciki ne, kuma sau da yawa mai kyakkyawar niyya. Albashin 'yan wasa ya taru wata uku, ga bashin mai bas, ga tarar hukuma, sai wani mai hankali ya miƙe a taro ya ce mu kai takardar fili banki, in kaka ta yi kyau mu fanso. Kowa ya gyaɗa kai, don ba wata mafita a gabansu. Kaka ba ta yi kyau ba. Waɗanda suka rubuta takardar Sligo sun san kansu, sun kuma san waɗanda za su gaje su ba mala'iku ba ne. Sai suka ɗaure hannun kowa tun kafin yunwar ta zo. Da yake fili daban kulob daban a idon shari'a, ko kulob ya karye masu bin bashi ba su da hanyar zuwa ga ƙasar.

Kuma yunwar ta zo, ba sau ɗaya ba. Kulob ya sha faɗuwa rukuni na biyu, ya sha shiga halin da sai an bi gida-gida da kantin-kanti ana neman abin biyan 'yan wasa. Daga 2000 zuwa 2005 a ƙasa ya zauna. A 1988 aka mai da shi kansa ƙungiyar haɗin gwiwa, magoya baya ne mambobi, su ke zaɓen komiti a taron shekara. Wato fili na gari, kulob na 'yan kallo.

Kada a ɗauka abin kyauta ne. Wanda ba zai iya jingina ba, ba zai samu babban rance ba, don banki ba ya karɓar tarihi a matsayin jingina. Shekaru da dama filin ya zauna yadda yake: tsayuwa ake yi, ruwan sama na dukan mutane, masu zafin goyon baya suna cunkushe a wata rumfar kwano a bayan raga. A 1983 suka haɗu da Cobh Ramblers, wani kulob da ba ya ma cikin babbar gasa, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin ƙalubale. Sai da aka buga sau huɗu kafin a rabu. A ɗaya daga cikin wasannin mutum sama da 13,000 suka shiga Showgrounds, a garin da bai fi 20,000 ba, kusan duk a tsaye. A shekarar suka doke Bohemians 2 da 1 suka ɗauki kofin karon farko, bayan sun je wasan ƙarshe sau biyar suna dawowa hannu rabbana. Babbar tiribin mai rufi da kujeru wajen 1,800 kuwa ba ta samu ba sai 2001, shekara 33 bayan sayen fili. Mai gaggawa zai ce sharaɗin ya tauye su, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Maƙwabcin da ya fi su komai

Sai an ɗora Sligo kusa da Shamrock Rovers ake ganin abin da tauyewar ta saya musu. Shamrock Rovers na Dablin shi ne kulob mafi yawan kofuna a ƙasar. Tun 1926 yake wasa a filinsa na unguwar Milltown. Daga 1984 zuwa 1987 ya ɗauki gasar ƙasa sau huɗu a jere, ba mai ja da shi. Ana cikin wannan ganiya iyalin da suka mallaki kulob ɗin suka sanar da cewa za a bar Milltown, aka sayar wa masu gina gidaje. Unguwar ta yi tsada, 'yan kallo sun ragu, lissafin ɗan kasuwa ya fita. Doka ba ta hana su ba, don nasu ne.

Wasan ƙarshe a filin an buga shi ranar 12 ga Afrilun 1987, kuma abokin karawar, cikin ikon Allah, Sligo Rovers ne. Magoya baya suka kutsa cikin fili suna zanga-zanga. Daga baya suka ƙaurace wa wasannin kulob ɗinsu na gida, suna tsayawa a bakin ƙofa ba sa shiga, suka yi ta tara kuɗi don su saye filin, kuɗin bai kai ba. A 1990 aka rushe shi. Na ga hotunan gidajen da aka gina a wurin, da ɗan dutsen tunawa a bakin hanya. Sai na tuna benen da ke kan terenmu, mu ko dutsen ba mu samu ba.

Shekara 22 zakaran ƙasa yana yawon aro. Yau a filin wannan abokin hamayya, gobe a na wancan. Daga 1990 zuwa 1996 ma a filin baje kolin Dablin ya zauna, wanda ake kira RDS, inda ake nunin dawakai. Ga kulob biyu masu suna Rovers, kowanne a filin baje koli, ɗaya ɗan gida ɗaya agola. A 2005 bashi ya kai Shamrock gaban kotu, ya kuma faɗa rukuni na biyu karon farko a tarihinsa, sai magoya baya ne suka karɓe shi suka tsamo shi. Bai samu matsuguni ba sai ranar 13 ga Maris 2009, da aka buɗe filin Tallaght. Wanda suka kara da shi a wasan farko, Sligo Rovers ne kuma. A wannan fili Cristiano Ronaldo ya fara sa rigar Riyal Madrid, a wasan sada zumunta na watan Yulin shekarar. Fili ne mai kyau, ya fi na Sligo nesa ba kusa ba. Amma na ƙaramar hukumar yankin ne. Kulob mafi girma a ƙasar har yau ɗan haya ne.

Gini da kaɗan-kaɗan

Su kuwa mutanen Sligo sun ci gaba da ɗora bulo kan bulo. Bayan tiribin 2001 aka rushe tsohuwar rumfar kwano, aka gyara ɓangaren da ke fuskantar babbar tiribin, a 2012 aka gina wata a bayan ragar da ke wajen layin dogo, kujeru suka kai wajen 4,000. Kuɗin daga tallafin gwamnati ne da aljihun mutanen gari, kuma kaso mai yawa na aljihun ta hanyar tambola yake shigowa. Wannan kam ba abin da za mu kwafa ba ne, caca ce, malamanmu ba za su bari ba kuma suna da gaskiya. Amma mu da muka iya adashe, muka iya gina masallacin Juma'a da kwanon da ake zagayawa da shi sahu-sahu, ba sai an koya mana tara kuɗi ba.

A waɗannan shekaru ne kulob ya yi zamaninsa mafi daɗi, kuma da hannun 'yan Afirka a ciki. Romuald Boco na Benin, maƙwabciyarmu, ya taka musu leda, haka ma Joseph Ndo na Kamaru, wanda ya je gasar cin kofin duniya ta 1998 da ta 2002. Sun ɗauki kofin ƙalubale a 2010 da 2011 da 2013. A watan Oktoban 2012 suka doke St Patrick's Athletic 3 da 2 a Showgrounds suka zama zakarun ƙasa, karo na uku, bayan na 1937 da na 1977. A 2022 Motherwell ta Sikotlan ta zo filin a gasar Turai, ta koma da ci 2 da nema.

A ƙarshen 2024 gwamnatin Ailan ta ware Yuro miliyan 16.4, sama da miliyar 10 na sefa, don a sake gina filin ya ɗauki mutum wajen 6,000 a zaune, kulob kuma yana cika shekara 100 a 2028. A ganina sharaɗin da ya hana su rancen banki ya taimaka a nan. Hukuma ta fi sakin jiki ta zuba kuɗin jama'a a ƙasar da ta san ba wanda zai wayi gari ya sayar ya sa riba a aljihu.

Mu dawo gida

Babban filinmu na Janar Seyni Kunce an buɗe shi a 1989, da taimakon ƙasar Sin. A can aka yi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a Disambar 2005. A can Musa Ma'azu ya ci Masar a watan Oktoban 2010, ranar da Yamai ba ta yi barci ba, a kan hanyar da ta kai Mena, ƙungiyar ƙasarmu, gasar Afirka ta 2012. Fili ne na ƙasa, don haka na kowa ne: balo, gudu, kaɗe-kaɗe, gangamin siyasa. In an duba, shi ne namu filin baje kolin, ga Fadar 29 ga Yuli a maƙale da shi. Kulob ɗin birni, na hukumomi irin su AS FAN da Duwan da Jandarma da na unguwanni irin su Sahel da Olympic da Zumunta, galibi a nan ko a filin birni suke karɓar baƙi, bi da bi. Lokacin da hukumar balo ta Afirka, CAF, ta ce filin bai cika sharuɗɗa ba, Mena da kanta ta koma karɓar baƙi a Kwatano da Maroko. Ƙasa guda ta ɗanɗani abin da Shamrock ta sha.

Ba ina cewa Sahel ta je ta gina sitad ba. Sligo gari ɗaya ne mai kulob ɗaya, duk ɗan garin jar riga yake sawa, abin da ya fi kama da Tawa da kulob ɗinta Ader, ko Damagaram da nata Espoir, fiye da Yamai inda goyon baya ya rarrabu. Sannan takarda a can tana da haƙora, rajistar ƙasa ɗaya ce, kotu tana tsayawa a kanta. A nan kowa ya san labarin farsel ɗaya mai takarda biyu, kowa ya ga yadda filayen da aka ware wa jama'a a taswirar lotisma suke narkewa, ya ga abin da ya samu dogon yaron da aka shuka ya zagaye birni. Sharaɗin da aka rubuta ba a kai shi rajista ba, ba a yi masa titir ba, ba a sa shaidu masu nauyi ba, tawada ce kawai.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dabarar Sligo ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Da na karanta sharuɗɗan nan uku sai na ji kamar na taɓa jin su a zauren karatu. Na je wurin malamin da nake ɗaukar fiƙihu a gabansa bayan Magariba, na zayyana masa.

"Allah gafarta Malam, wannan ba shi ne hubusi ba?"

Ya yi murmushi, ya ce shi ne, wanda aka fi sani yanzu da waƙafi. Ya tuna mini ƙasar da Sayyidina Umar ya samu a Khaibara, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi shawara ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Ya kawo rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa jama'a. Na ce to filin balo fa? Ya ɗan yi shiru yana jan carbi.

"Ɗana, an yi waƙafin rijiya, an yi na inuwa, an yi na maƙabarta. Wurin da zai tara yara ya raba su da shaye-shaye, ni ban ga abin ƙi ba, in ba caca a ciki, in kuma ana tsayawa a yi salla. Amma mai ƙasa shi ke yin waƙafi. Ku kuna da ƙasa?"

Ba mu da ita. Nijar tana da Babbar Hukumar Waƙafi yanzu, hanyar rubutawa a hukumance tana nan. Attajiranmu kuma ba marowata ba ne, sai dai in sun tashi sadaka mai gudana masallaci suke ginawa, wani lokaci a layin da yake da biyu. Ban taɓa jin wanda aka je aka roƙa ya tsare wa yara hekta ɗaya ba. Mu ma da muka yi shekara goma muna share ƙarangiya, ba mu taɓa roƙa ba, a lokacin da farsel a wurin bai kai kuɗin babur ba.

Bara wani Alhaji, ɗan uwan matar kocinmu, ya ce yara su riƙa wasa a gonarsa da ke bayan gari, tunda ya daina noma ta. Tafiyar rabin awa ce a ƙafa, yashi ya yi yawa a gefe ɗaya, amma fili ne. Muka je godiya ni da tsoho, da goro. Bayan an gaisa an sha ruwa, tsoho ya gyara zama ya kawo maganar da muka shirya, ko Alhaji zai yanki gefen da ake wasan ya yi waƙafinsa, a rubuta.

"Haba Malam, ni da ku sai da takarda? Ku yi ta wasanku, muddin ina raye ba mai tashin ku."

"Allah ya ja kwana, Alhaji. Ai ba kai muke tsoro ba."

Alhaji ya gane. 'Ya'yansa goma sha ɗaya ne, kuma kwalta ta kusa isowa gonar. Ya ce zai yi shawara da manyan cikinsu bayan Salla. Sallar ta wuce, wata ma ta wuce, in mun haɗu gaisuwa ce mai kyau, ba ya tayarwa mu ma ba ma tayarwa.

Yara suna can suna wasa kullum la'asar. Da mai walda ya kawo sababbin ƙarafan raga ya tambaya buhu nawa na siminti za a saya a kafa su, tsoho ya ce kada a sa ko ɗaya. A haƙa rami, a tura, a danne da duwatsu, yadda mutum huɗu za su iya cirewa su ɗora a amalanke.